ƘADDARA KO SAKACI? TSOKACI KAN RAN LEBURA A WURIN GINI

Gabatarwa

Da wuya a sami kalmar da Bahaushe yake saurin jawowa idan mummunan abu ya auku kamar kalmar "tsautsayi". Mota ta kife, tsautsayi ne. Gobara ta tashi, tsautsayi ne. Lebura ya zamo daga hawa na uku da kwanon kankare a kansa, nan ma tsautsayi ne, wanda aka ce ba ya wuce ranarsa. Da an furta wannan kalma sai kowa ya yi shiru, a yi wa mamaci sutura, a karɓi gaisuwa, a watse. Kafin sadakar uku an ɗauki wani leburan a gurbinsa, ya hau tsanin nan dai da ya karye da ɗan'uwansa, bayan an ɗan ɗaure shi da waya.

Tambayar da wannan maƙala take son ta ɗora a gaban 'yan'uwa marubuta ita ce: idan mutum ya mutu a wurin gini, alhali an san abin da yake kashe mutane a irin wannan wuri, kuma an san maganinsa, shin imani da ƙaddara yana wanke wanda ya ƙi sayen maganin? Ra'ayina shi ne ba ya wanke shi. Ƙaddara gaskiya ce, kuma ita ce take sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, to amma ba a saukar da ita don ta zama mayafin mai ganganci ba. Zan yi ƙoƙarin kawo dalilaina, tare da sauraren abin da masu wani ra'ayin za su iya cewa.

Abin Da Ke Hallaka Mai Aikin Gini

Kafin a shiga muhawara ya kamata a san abin da ake muhawara a kansa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin mutum 60,000 ne suke mutuwa kowace shekara a wuraren gine-gine, watau kusan mutum ɗaya cikin kowane minti goma. Abin lura shi ne hanyoyin wannan mutuwa ba su da yawa, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar zai iya lissafa su da yatsun hannu ɗaya.

Na farko shi ne faɗowa daga bisa, wanda ya fi kowanne ɗibar rayuka. Dandamalin da birkila yake tsayawa a kai sau da yawa ruɓaɓɓen katako ne da aka sha amfani da shi, ba shi da abin dafawa a gefe, shi kuma mai hawan da silifa a ƙafarsa. Na biyu shi ne faɗowar wani abu a kan mutum, ko bulo ko guduma ko guntun rodi, wanda hular kwano guda za ta iya tarewa. Na uku, ruftawar rami. Mutane suna raina ƙasa, alhali ƙasar da ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinta ya kai wajen tan ɗaya da rabi. Idan ta danne ƙirjin mai haƙa, ko da kansa yana waje, numfashi ba zai yiwu ba. Na huɗu, wutar lantarki, musamman idan ana miƙa dogon rodi zuwa sama kusa da manyan wayoyi. Na biyar kuwa shi ne rushewar ginin kansa. Duk injiniya ya san kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma ya san awon da aka saba da shi na siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Idan aka rage siminti don a ci riba, ko aka sa siririn rodi a wurin kakkaura, ko aka zare katakon da ke tallafe da rufin kankare tun bai ƙeƙashe ba don a kai shi wani wurin aikin, to an riga an haƙa kabari, saura a ga wanda zai faɗa.

Ban da waɗannan akwai cutar da ba ta zubar da jini, saboda haka ba a lissafa ta. Ɗanyen siminti yana cin fata kamar yadda kanwa mai ƙarfi take yi, ƙurar yankan dutse da tayil tana taruwa a huhu har ta mayar da ƙato mai haki, ɗaukar buhu mai kilo 50 safe da yamma kuma yana karya baya tun mutum bai kai shekara arba'in ba.

Mai karatu zai ga cewa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo da mamaki. Aradu tana faɗowa ba sallama, amma ruɓaɓɓen katako ya daɗe yana sallama, ba a dai amsa masa ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ƙaddara Da Alhaki

Masu cewa "haka Allah Ya ƙaddara" ba ƙarya suka yi ba. Kuskurensu shi ne zaton cewa wannan magana ta rufe shari'a. Idan da haka ne, da babu hukuncin da zai hau kan kowa a duniya, domin ɓarawo ma zai ce an ƙaddara masa sata, mai kisan kai ya ce kwanan wanda ya kashe ne ya ƙare. Ba mu taɓa karɓar wannan uzuri daga bakin ɓarawon akuya ba, to don me za mu karɓe shi daga bakin ɗan kwangila?

Tarihin Musulunci ya warware wannan matsala tun da wuri. Tsakanin shekara ta 17 da ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya kama hanyar Sham, sai labari ya iske shi a wani wuri da ake kira Sarg cewa annoba ta ɓarke a can. Bayan shawara ya yanke cewa a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, shi kuma ya nuna masa cewa daga ƙaddara suke gudu zuwa ga ƙaddara. Ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddara ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Haka nan sanannen abu ne cewa an umurci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Ashe sayen hular kwano ƙaddara ce, ƙin sayenta ma ƙaddara ce, kuma a kan zaɓin da mutum ya yi tsakanin biyun za a tambaye shi.

Daɗin daɗawa, shari'a ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kamar yadda ya zo a cikin Suratun Nisa'i. Wanda ya kashe bisa kuskure bai yi niyya ba, kuma babu mai shakkar cewa ajali ne ya zo, duk da haka ba a ce ya tafi abinsa ba. Malaman Malikiyya sun ƙara fayyace batun da misalin da ya yi daidai da zancenmu, watau bangon da ya karkata. Idan an gargaɗi mai shi, kuma yana da halin gyarawa, ya yi biris har bangon ya faɗa wa wani, to shi zai biya. Gaskiya ne akwai hadisin da ya nuna babu ramuwa ga wanda ya hallaka a rijiya ko a ramin haƙar ma'adini, kuma wani zai iya kafa hujja da shi. Sai dai malamai sun bayyana cewa wannan yana inda babu ƙetare iyaka daga ɓangaren mai rijiyar; wanda ya haƙa rami a inda ba a yarje masa ba, kamar tsakiyar hanyar jama'a, alhakin wanda ya faɗa yana wuyansa. Ma'aunin dai guda ne: shin ka sani, kuma shin kana da ikon hanawa?

Wannan fahimta ba ta tsaya ga Musulmi ba. Kusan shekara 3,800 da suka wuce, dokokin Hammurabi, sarkin Babila, sun tanadi cewa maginin da ya yi gini mara ƙwari har ya rushe ya kashe mai gida, shi ma a kashe shi. Hukuncin ya yi tsanani, amma yana nuna cewa tun zamanin da ɗan Adam ya fara ɗora tubali a kan tubali ya gane cewa gini ba ya faɗuwa don kansa.

Darasi Daga Makka Da Legas

Idan akwai wurin da za a ce kalmar ƙaddara ta isa ta rufe bakin kowa, to Masallacin Harami ne. Ranar Juma'a 11 ga Satumba, 2015, ana saura kwanaki kaɗan a hau Arfa, aka yi iska mai ƙarfi da ruwan sama a Makka, sai wata ƙatuwar ƙugiyar ɗaga kaya, cikin waɗanda ake aikin faɗaɗa masallacin da su, ta faɗo a kan masu ibada. Mutum 111 suka rasu, kusan 400 suka ji rauni, kuma akwai alhazan Nijeriya cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Iska dai ba aikin mutum ba ce, kuma mutane da yawa sun yi wa mamatan sha'awar irin wannan cikawa, a irin wannan wuri, a irin wannan rana.

Duk da haka hukumomin Saudiyya ba su tsaya nan ba. Kwamitin bincike ya gano cewa an bar hannun ƙugiyar a miƙe, saɓanin ƙa'idar waɗanda suka ƙera ta, wadda ta ce a sauke shi idan ba a aiki ko idan ana tsoron iska. Sarki Salman ya dakatar da kamfanin Binladin daga samun sababbin kwangiloli, ya kuma ba da umurnin a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan ɗaya. Shari'a ta ɗauki shekaru, har an fara wanke waɗanda ake tuhuma a 2017, amma a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta sami kamfanin da laifin sakaci, ta ci shi tarar riyal miliyan 20. Iskar daga Allah take; barin ƙugiya a tsaye a gaban iska kuwa aikin mutum ne. Kyakkyawan ƙarshen waɗanda suka rasu bai goge laifin wanda ya yi sakaci ba.

A nan gida kuma, ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi, Legas, ya rufta, ya hallaka mutum fiye da 40, akasarinsu ma'aikata, har da mai ginin kansa. Bayan abin ya faru jaridu suka buga wata wasiƙa da wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta tun watan Fabrairun 2020, inda ya janye hannunsa daga aikin. Watau bango ya karkata, an kuma yi gargaɗi, wata ashirin kafin ya faɗi. Leburorin da suka je neman abin kai wa bakin salati a wannan rana ba su san da wata wasiƙa ba. Waɗanda suka san da ita ba su ne suke ɗaukar kankare ba.

Akwai kuma hujja ta ɗaya gefen, wadda take nuna cewa adadin mamata yana sauka idan an so ya sauka. Lokacin da ake gina gadar Golden Gate a birnin San Francisco na Amurka, tsakanin 1933 da 1937, abin da aka saba ji a bakin masu irin wannan aiki shi ne duk dala miliyan ɗaya da aka kashe, rai ɗaya zai tafi. Gadar ta ci kimanin dala miliyan 35. Babban injiniyan aikin, Joseph Strauss, ya tilasta sa hular kariya, ya kuma sa aka shimfiɗa raga a ƙarƙashin gadar. Mutum 19 suka faɗa cikin ragar nan suka tsira. Waɗanda suka mutu a aikin gaba ɗaya 11 ne, goma daga cikinsu a rana ɗaya, sa'ad da wani dandamali ya ɓalle ya keta ragar. Haka kuma an gina dandalin wasannin Olamfik na 2012 a Landan ba tare da an rasa ran ma'aikaci ko ɗaya a wurin ginin ba. Shin ajali ne yake jin tsoron raga? A'a, ragar ma cikin ƙaddara take, ita ce gefen kwarin nan mai ciyawa.

"Ai Shi Ya Yarda"

Hujja ta biyu da ake kawowa ta fi ta farko wayo. Za a ce lebura baligi ne mai hankali, ya ga tsanin da idonsa, ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya, ya karɓi kuɗin yini bisa yarda, saboda haka ya sayi haɗarin tare da aikin.

Wannan magana tana da kama da gaskiya, amma a duba yadda yardar take samuwa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin titi da sassafe a Kano ko Kaduna ko Abuja ya ga samari a tsugune da shebur da diga, da yawansu 'yan ci-rani, suna jiran motar da za ta tsaya. Idan ta tsaya mutum ashirin ne za su rufe ta, biyar ake so. A cikin wannan hali wane ne zai tsaya yana tambaya ko akwai hula da takalmi da igiyar ɗamara? Kafin ya rufe baki an ɗauki na bayansa. Yardar da mutum ya bayar alhali in ya ƙi iyalinsa za su kwana da yunwa, sunanta dole, kuma dole ba ta zama ciniki. Bugu da ƙari, mutum ba ya yarda da abin da bai sani ba. Lebura yana iya ganin tsani, amma ba ya ganin rodin da aka binne cikin ginshiƙi, bai kuma san buhu nawa aka rage ba.

A nan ne ainihin rashin adalcin yake. Wanda yake yanke shawarar rage kuɗi daban, wanda yake biyan farashin ragin da jikinsa daban. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Da a ce mai gini zai tsayar da ɗansa na cikinsa a ƙarƙashin rufin nan ranar da za a zare katako, da an jira kwanakin sun cika. Wannan shi ne gwajin da nake ganin ya dace kowane mai ba da aiki ya yi wa kansa: wurin da ba zan tura ɗana ba, da wane dalili zan tura ɗan wani?

Ba za a ƙi faɗin cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari ba. Akwai ma'aikatan da ake ba hula su ajiye don zafi, akwai masu ganin ɗaura igiya ragwantaka ce, akwai kuma masu shan ƙwaya don su ji ƙarfin aiki, su hau bisa ido a rufe. Wannan ganganci ne, kuma rai amana ce a hannun mai shi. To amma alhaki yana bin iko ne. Wanda yake da ikon korar lebura don ya makara da minti goma, yana da ikon hana shi hawa ba hula.

Batun Tsada

Hujja ta uku ita ce ta aljihu. Za a ce mu ƙasa ce matalauciya, mai ginin nan wataƙila ma'aikaci ne da ya shekara goma yana tara kuɗin bulo, idan aka ɗora masa ka'idojin Turai ba zai taɓa rufa wa iyalinsa asiri ba. Akwai gaskiya a nan, kuma bai kamata a yi dokar da babu mai iya bi ba. Sai dai mafi yawan abin da ke tsare rai ba shi da tsada: lafiyayyen katako, abin dafawa a gefen dandamali, tokare bakin rami, nisantar wayar lantarki, haƙurin jiran kankare ya ƙeƙashe. Kuɗin hular kwano goma bai kai na ƙofar ƙarfe mai ado guda ɗaya ba. Kuma tsadar da aka guje wa ba ɓacewa take yi ba, komawa take kan wani: kan matar da ta shiga takaba, da yaran da aka cire daga makaranta, da tsohon da ke ƙauye yana jiran aike. Araha ba ta ado, a wurin gini kuwa har kisa take yi.

Doka ma ba ta bar wannan a buɗe ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF take kula da shi, domin a biya wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya mutu, kuma ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da na wucin-gadi da ɗan koyo. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, akwai kuma hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi. Amma leburan da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, wanda ake sallama da yamma da kuɗi a hannu, ta ina zai fara neman haƙƙinsa? Abin da aka saba shi ne a kai wa iyalinsa buhun shinkafa da 'yan kuɗin likkafani, su kuma su yi godiya, domin an koya musu cewa neman diyya kamar jayayya ce da hukuncin Allah. Alhali diyya haƙƙi ce da Allah da kanSa Ya hukunta, yafe ta kuma falala ce ga wanda ya san tasa ce ya bari don kansa. Wanda aka ɓoye wa haƙƙinsa ba a ce ya yafe ba.

Ina Marubuci Ya Tsaya?

Kakanninmu ba su raina magini ba. Sana'ar tana da sarautarta, Sarkin Magina, kuma har yau ana ambaton Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Mun riƙe sunan gwani, amma ba mu riƙe sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka kwaɓa masa ƙasa ba. Wannan mantuwa ita ce ta biyo mu har cikin littattafanmu. Sau nawa muka karanta labarin da aka ɓata shafi biyu ana siffanta gidan Alhaji, da benensa da fitilunsa da marmara, ba a ce uffan game da hannuwan da suka ɗora shi ba? Sau nawa kuma marubuci, idan yana son ya mayar da tauraronsa maraya, yake kashe uban da "tsautsayi" cikin layi ɗaya ya wuce?

Kalma ita ce kayan aikinmu, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa kishin a sa ta a muhallinta. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai tsautsayi, akwai kuskure, akwai sakaci, akwai ganganci, akwai ha'inci, kowacce da nauyinta. Marubucin da ya kira ha'inci da sunan tsautsayi ya taya mai ha'inci ɓoye sawu, ko da bai nufa ba.

Kammalawa

Ƙaddara tana da lokacinta, alhaki ma yana da nasa. Idan an zo gaisuwar mutuwa, a gaya wa uwar mamaci cewa kwanansa ne ya ƙare, domin gaskiya ce kuma ita za ta ba ta haƙuri. Amma da safe, sa'ad da ake ɗaura katako, ana auna siminti, ana lissafin ribar kwangila, ba a san abin da aka rubuta ba tukuna, abin da aka sani kawai shi ne wajibin da ke kan kowa. Wanda ya jawo maganar zaman makoki ya kawo ta wurin awon siminti, ya ci amanar ma'aikacinsa, ya kuma jingina wa Ubangijinsa abin da hannunsa ya aikata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wurin neman halaliyarsu, Ya ba mu ikon tsare amanar waɗanda suke ƙarƙashinmu, amin.